Hoton da Direba Yake Jira

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

A bayan littafin awo nake wannan rubutun, don shi ne kusa da hannuna. Gabansa duk wuya da ƙugu da tsawon hannun mutane ne. Bayan kuwa shekara da shekaru ba a rubuta komai a ciki ba.

Yau kwana uku da aka kwantar da Malam a asibiti, a ɓangaren da ba a shiga. Shekara talatin da biyu ina auren mutumin nan, amma wani maigadi mai furfura ya ɗaga mini hannu ɗaya ya ce, "Hajiya, nan ne iyakarki." Na tsaya kuwa. Abinci ba ya shiga, waya ba ta shiga, kuma duk abin da ya shiga ba ya fitowa. Abin da likita ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

Ɗanmu ya kira daga wurin aikinsa. Injiniya ubansa yake ce masa tun yana kwance rediyon mutane ya kasa mayarwa. Ya ce, "Umma, in taho?" Na ce da sauƙi, ya zauna ya yi aikinsa. Muryata ko rawa ba ta yi ba, na iya wannan.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Kyamarar tana nan kan durowa inda ya ajiye ta, cikin ƴar jakarta baƙa. Duk inda na juya a ɗakin sai idona ya faɗa kanta.

Gara in rubuta yadda aka yi. Malam direban ma'aikata ne har ya yi ritaya. Ya kai manya ko'ina, ya ga teku, ya ga duwatsu, ni kuwa labari nake sha. Watan jiya ya shigo da ƴar kyamara da ba ta kai tafin hannuna ba, yana ta washe baki, wai ta tafiya ce, tana jawo abin da ke nesa ninki talatin. Wai zai kai ni bakin teku, in ga jirgin ruwa tun yana can ƙarshen ido. Ni kuma ranar ɗinki ya sha mini kai, ga bayana yana ciwo. Ban ko ɗago ba na ce, "Ai dama daga nesa ka saba kallonmu, ni da ɗanka. Yanzu ka samo injin da zai taya ka."

Ya mayar da ita jaka, ya ja zif a hankali.

A gidanmu ba a cewa "yi haƙuri". Ba mu taɓa iyawa ba, mu biyun. Wanda ya yi laifi shi ke zuwa ya ɗauki abin da aka yi faɗa a kansa ya yi aiki da shi. Shekarar da ya kushe sabon keken ɗinkina ya ce ƙararsa ta fi ta babbar mota, kwana uku ban kula shi ba. A na huɗu na tarar ya zauna a kan keken ya ɗinka rigar matashi, a karkace kamar hanyar tsutsa, ya miƙo mini. Shi ke nan, an shirya. Har yau ita ce a kan matashina.

Washegarin maganar kyamara yana ɗaura agogo ya ce, "Ranar da kika huce, ki ɗauke ni hoto da ita, ki wanko, ki ba ni a hannu. Ba na son wata magana." Na ce sai ya jira. Yana cikin jiran ne zazzaɓin ya zo. A ƙofar asibiti abin da kawai na ce masa shi ne, "Ka manta hularka."

Litinin, 6 ga wata, bayan la'asar

Akwai wata nas mai tabarau, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta same ni a kan benci ta ce, "Mama, zaman nan ba zai nuna miki shi ba. Ki zagaya baya wajen da ake ajiye motoci, akwai ƴar katanga. Hawa na biyu, taga mai labule kore. Ƙarfe huɗu zan turo shi a kujera, minti biyar."

Na je. Tsakanin katangar da ginin akwai shingen waya da fili mai faɗi. Ƙarfe huɗu labule ya buɗe, na ga wani abu fari a zaune. Na ɗaga hannu. Ban sani ba ko farin abin ya ɗaga nasa.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na sauko da kyamarar.

Littafin bayaninta yana cikin jakar, kuma Malam ya bi shi shafi shafi da fensir, yadda yake bin taswira. Ni yake wa rubutun, ashe. Tun muna da ƙuruciya yake ce mini Kwandasta, wai shi ke tuƙi amma ni ke faɗin inda za a tsaya. A gefen shafin farko: "Kwandasta, nan ake kunnawa." A wani: "Wannan ɗan hannun, in kin tura dama abu ya matso, in kin tura hagu ya koma." A wani kuma, da ja-layi biyu: "Wannan mai hoton kwandon shara kada ki taɓa shi, na san halinki."

Na kunna. Idonta ya fito da wata ƴar ƙara, ya miƙe hawa uku. Na tura dama, sai ga ƙusar da ke bangon maƙwabta ta cika gilashin bayan, har tsatsarta. Na saki numfashi, ƙusar ta yi tsalle ta ɓace. Hannun da ke zura zare a allura ba tabarau, yau ya kasa riƙe ƙusa wuri ɗaya.

A shafi na arba'in ya rubuta: "Tana gane mutane. Na gabatar da mu." Ban fahimta ba sai da na juya ta ga madubin gwaji na shago. Wani ɗan akwati ya zagaye fuskata, a ƙarƙashinsa aka rubuta Kwandasta. Yaushe ya ɗauke ni ban sani ba. Na duba, hotuna uku ne, duk ina kan keke, duk na haɗe rai.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gan shi.

Na tura ɗan hannun har ƙarshe. Da farko bango, sai bututun ruwa, sai sama, sai labule kore, sai ga shi. Akwatin ya kama fuskarsa, rubutu ya fito: Direba. Na yi wata irin dariya har maigadi ya leƙo. An sa masa rigar asibiti mai igiya a wuya, wadda duk wanda ya yanka ta bai san kafaɗa ba. Ba hula. Yana ƙanƙance ido yana nemana, don nasa tabaran yana nan gida kan rediyo.

Na danna sau goma sha ɗaya. Na zo gida na duba. Biyu labule ne. Uku rana ce ta haske gilashin tagar fari fat. A ɗaya filasha ta tashi don kanta, kamar za ta haska gini daga nan. Sauran kuwa mutum ne mai hanci biyu.

Alhamis, 9 ga wata, yamma

Hoto sha huɗu. Babu na kirki.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je wurin mai shagon hoto na bakin titinmu, wanda ya yi mana na katin shaida. Ya juya kyamarar a hannunsa ya ce, "Wannan ai ƴar ƙarama ce mai zuciyar manya. Hajiya, laifin ba nata ba ne."

Na ce, "To nawa ne, faɗi kanka tsaye."

Ya ce in an jawo abu ninki talatin, rawar hannu ma ninki talatin take zama. Wai tana da abin da ke rage rawar a ciki, amma ba ta yi alkawarin kashe ta duka ba. Ya nuna mini wani ɗan layi a gilashin: in na wuce shi, ba jawowa take ba, hura hoton kawai take, fuska ta dame. Ya kashe filashar. Ya ce in kafa gwiwar hannu a kan wani abu, in danna rabi in jira ta yi ƙara, in riƙe numfashi, sannan in ƙarasa. Ko kuma in ajiye ta a kan katanga in sa mata lokaci ta ɗauka da kanta.

Na ce a'a, da hannuna aka ce.

Ya dube ni ya ce, "Tsuntsu kike ɗauka?" Na ce eh, wani tsoho ne mai taurin kai.

Lahadi, 12 ga wata, bayan la'asar

Nas mai tabarau ta sauko da saƙo. Ta ce, "Baba ya ce a gaya wa Kwandasta tana ɓata wa mota lokaci. Wai hoton fa?" Tana faɗa tana danne dariya. Ta ce ya ga ƙyallin idon kyamarar tun ranar Laraba, kuma duk ma'aikatan ɗakin sun san labarin teku.

Na ce ta gaya masa ɗinkin gaggawa shi ke ɓallewa a hammata. Na roƙe ta ta mayar da fitowar ƙarfe goma na safe, lokacin rana tana bayan ginin. Ta ce za ta gwada, amma safiya ta fi yi masa nauyi. Ban tambaye ta me take nufi ba.

Na dawo gida da ƙarfina. Na share tsakar gida, na wanke hularsa, na goge masa riguna uku.

Litinin, 13 ga wata, azahar

Batir ya mutu labule na buɗewa. Idon ya koma ciki ya rufe a gabana. Littafi ya ce tana ɗaukar hoto wajen ɗari uku kafin ta nemi caji, amma bai lissafa da matar da ke kwana kallon hotuna marasa kyau tana jawo su tana mayarwa ba. A shafin Malam ya rubuta, "A cika tanki tun da yamma." Na gani, ban yi ba.

Minti biyar na tsaya da hannu a sama ina kallon farin abu.

Matar da na karɓi ɗinkinta tun wancan makon ta zo. Na haɗa mata hannun dama a hagu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta kalle ni, ta naɗe kayanta ta ce ba sauri take ba.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Akwatin ya kama fuskarsa, sunan ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa, ya ɓace. Daga nan akwati kawai.

Na wuce shagon hoto kai tsaye na ce ta lalace. Mai shago ya juya ta gare ni, ta rubuta Kwandasta. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Wani lokaci in haske ya canza, ko mutum ya sa wani abu a fuska, ko ya..." Sai ya tsaya, ya shiga goge mata ido da ɗan ƙyalle, ya daɗe yana gogewa.

Na ce haske ne. Ya ce haske ne, Hajiya.

Alhamis, 16 ga wata, azahar

Hoton ya fita.

Gwiwar hannu a kan katanga, rabin dannawa, ƙara, numfashi. Hadari ya rufe rana, gilashin tagar ya zama kamar babu shi. Na ji a jikina tun kafin in duba.

Ya fita tas, har ana ƙirga gashin girarsa. Ana ganin igiyar rigar, da robar da ta bi ta ƙarƙashin hancinsa, da inda kumatunsa suke a da. Wuyan nan na san awonsa, sha shida da rabi, na yanka masa riga ta fi ɗari ban taɓa ɗauko tef ba. Wuyan da ke cikin hoton bai kai sha huɗu ba. Yana murmushi, ya ɗaga yatsu biyu yadda yake wa motar da ta ba shi hanya.

Kyamarar ba ta rubuta komai a ƙarƙashinsa ba.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai an wanke. Mai shago ya sa a ambulan ya miƙo mini da hannu biyu, bai yi mini barkwancin tsuntsu ba.

Na je har ƙofar ɓangaren. Nas ta fito, ambulan yana cikin jakata, hannuna yana kansa. Ta ce, "Mama, an samu?" Na ji bakina ya ce, "Tukuna."

Ga dalilina, kuma ina ganin dalili ne. Na tambaye ta tun kwanaki, ta ce babu madubi a ɗakin. Mutumin nan ko hankicinsa sai an goge. Ba ya fita sai ya tsaya gaban madubina na gwaji ya gyara zaman hula, ya tambaye ni ko ya yi, in ce da dai sauƙi. Bai san yadda ya koma ba. Ni ce zan aika masa da labarin a ambulan? In ce ga sulhuna, ka ga abin da ya rage naka? Bari ya ɗan ciko. Mako guda ma ya isa. In ɗauki wanda kyamarar za ta gane shi, shi ma ya gane kansa.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Minti biyu kawai ya yi a taga. Akwati, babu suna. Nas ta ce ya tambaya. Na ce tukuna.

Lahadi, 19 ga wata, bayan la'asar

Injiniya ya kira. Ya ce, "Umma, kullum da sauƙi, da sauƙi. In da sauƙi me ya sa ba ya karɓar waya? Turo mini hotonsa, ba kin ce kina ɗauka ba?"

Na ce ba su fita ba.

Ya yi shiru, irin shirun ubansa, wanda ake jin mutum yana ja wa jaka zif. Mutane sun sha cewa kamarsu ɗaya, ni kuwa kullum ina musu, ina cewa hancin nawa ne. Ya ce, "Gobe zan nemi izini." Na ce kada ya tayar da hankalinsa. Ya ce, "Umma, ba tambayarki nake ba."

Yau ma Malam ya tambaya. Yau ma na ce tukuna.

Litinin, 20 ga wata, azahar

Labule bai buɗe ba. Na tsaya daga goma har aka kira salla. Kyamarar tana gajiya da jira, bayan minti ɗaya sai ta mayar da idonta ciki, in sake kunnawa. Na ɗauki labulen sau shida, ban san dalili ba. Duk sun fita tas.

Maigadi ya kawo mini kujerarsa. Ban zauna ba.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tun bakwai ina ƙofa. Da nas ta fito na tura mata ambulan ɗin kafin ta yi magana. Na ce, "A hannu za ki ba shi. A hannu ya ce."

Ta zaro hoton ta duba. A ƙasansa daga dama akwai kwanan wata da jan rubutu, Malam ne ya saita ta tana bugawa. Sha shida ga wata. Na ga idonta ya tsaya a wurin, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce, "Zan sa masa a hannu, Mama. Amma tun jiya da safe bai farka ba."

Na ce zai farka. Ta ce Allah ya sa.

Laraba, 22 ga wata

Malam ya cika ƙarfe uku da kwata na rana.

Injiniya ya iso ƙarfe biyar.

Asabar, 25 ga wata, yamma

Gida cike da mutane, kowa da abin da yake faɗa, ni kuma ina amsawa. Wata ta ɗaga rigar matashin nan ta ce wa ya yi wannan aika-aika a gidan tela. Na karɓe abina.

Nas mai tabarau ta zo gaisuwa bayan ta tashi aiki. Ba kayan aiki a jikinta, na kusa kasa gane ta. Na ja ta shago na rufe ƙofa. Na ce ta gaya mini gaskiya, ya gani?

Ta ce ta buɗe tafinsa ta sa hoton, ta rufe yatsunsa a kai, kuma yana hannunsa har ƙarshe. Amma bai buɗe ido ba.

Sai na shiga yi mata bayani, ita da ba ta tambaye ni ba. Na ce saboda babu madubi ne, na ce ban so ya ga yadda ya koma ba, na ce mutum ne mai son tsaf. Ta bar ni na gama. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Mama, ai yana ganin kansa. Kullum na tura shi gaban tagar nan, fuskarsa yake fara gani a gilashi kafin ya hango ki. Har ya ce mini, ki ga yadda na koma kamar sitiyarin tsohuwar mota, Kwandasta za ta sha aikin rage riguna. Ranar Asabar ma sai da ya sa na taje masa gemu, wai kada ya ɓata miki hoto."

Na ce mata na gode da zuwa. Na raka ta har bakin titi. Na dawo na zauna a kan keke, na ɗora ƙafa a kan feda, ban taka ba.

Kwana uku yana farke yana tambaya, hoton yana cikin jakata.

Litinin, 27 ga wata, safe

Na ɗauko rigunan nan uku da na goge. Na mayar.

Zuciyata ta karye, kuma ni na karya ta da hannuna. Ban ga amfanin kewaye-kewaye ba tunda littafin nawa ne.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Baƙi sun ragu. Tun da ya zo, ni da Injiniya ba mu yi maganar da ta wuce ta abinci da tabarmi ba. Bai ce mini me ya sa kika ce da sauƙi ba. Da ya faɗa da ya fi mini.

Ɗazu ya shigo shago ya tarar da ni da kyamarar a cinya. Gobe zai koma. Ya sa hular ubansa, wadda na wanke, ta zauna masa daidai. Ya ce, "Umma, nuna mini hotunan."

Na ba shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bango, bututu, mai hanci biyu, har ya kai na ranar sha shida. Ya daɗe a kansa. Na gaya masa komai, tun daga maganar da na yi ina kan keke har zuwa ambulan. Ban rage ba. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya miƙo mini kyamarar, ya koma ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, bakin taga, ya rufe fuska da hannu. Can ya sauke hannun ya ɗago.

Kyamarar tana kunne a hannuna, idonta yana kallon wajensa. Ban saita komai ba. Akwatin ya je ya kama fuskarsa, rubutu ya fito a ƙasa: Direba.

Na san kuskure ta yi. Inji ce, hula ta gani da goshi da zaman ido. Mai shago zai iya yi mini bayani. Amma sunan bai yi rawa ba, bai ɓace ba, ya zauna daram kamar ranar farko a gindin katanga. Taku uku ne tsakaninmu, babu abin da zan jawo. Na kafa gwiwar hannu a kan teburin keke, na danna rabi, ta yi ƙara, na ƙarasa.

Ya ce, "Umma, me kike yi?"

Na ce, "Yi haƙuri."

Shekara talatin da biyu kalmar ba ta fita daga bakina a gidan nan ba. Na sake faɗa, ina kallon sunan. Injiniya ya taso ya durƙusa ya riƙe mini hannu, ya ce, "Ya wuce, Umma, ya wuce." Bai san ba shi kaɗai nake gaya wa ba, ko kuma ya sani.

Hoton ya fita. Gobe da safe kafin motarsa ta tashi zan kai a wanke, in ba shi a hannu. Hancin ma na ubansa ne.